Ganin Baba ya dushe: tsufa ne, ko akwai abin yi?

Wani bawan Allah daga wajen Wurno ya aiko da tambaya. Mahaifinsa ya kusa shekara 70, kuma shekara biyu ke nan ganinsa na raguwa. Da farko karatun Alƙur'ani ne ya gagara, aka sayo masa tabarau a kasuwa, ya ɗan taimaka, daga baya ya daina. Yanzu sai jika ya ja masa sanda zuwa sallar asuba. Mai kemis ya ba su maganin ɗigawa. 'Yan'uwa sun ce yanar ido ce, a bari ta nuna tukuna. Akwai kuma wani mai magani da ke zuwa ranar kasuwa, an ce yana kawar da yana nan take ba sai an je asibiti ba. Ya ce: "Likita, wanga abu tsufa ne mu yi haƙuri, ko mu jira, ko mu kai shi wurin mai maganin?" Ya ƙara da cewa mahaifiyarsa na da ciwon suga, amma ita ba ta kukan ido.

Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka maka da alheri kan wannan kulawa. Amsata a gajarce ita ce: kada ku jira, kada ku kai shi wurin mai maganin kasuwa, ku kawo shi asibitin ido cikin kwanakin nan. Amma ina so ka san dalili, don kai ne za ka zauna gaban baffanni da goggonni ka yi musu bayani, kuma ba za su karɓi "likita ya ce" kawai ba.

Tsufa shi kaɗai ba ya makantar da mutum. Abin da tsufa ke yi wa kowa shi ne, daga shekara 40 zuwa sama, karatu na kusa ya fara wuya, mutum ya riƙa nisanta takarda, zura zare a allura ya zama aiki. Wannan tabarau ke gyara shi, shi ke nan. Duk abin da ya wuce haka, har ya kai dattijo bai gane fuskar ɗansa sai ya ji murya, to cuta ce, tana da suna, kuma mafi yawansu suna da magani ko hanyar tsayar da su. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda aka duba mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya kaucewa ne ko a warkar. Yankinmu na Arewa maso Yamma shi ya fi kowane yanki yawan makafi a ƙidaya. Duk lokacin da na tuna wannan lissafi, dattawan da ke zaune a zaure an jingine musu sanda nake gani, an sallama su ga tsufa alhali aikin da bai kai awa guda ba zai mayar da su gona da masallaci.

Mai yiwuwa 'yan'uwanka sun yi daidai, yana ce. Ita ce ta fi yawa: a binciken nan, kashi 43 cikin 100 na makanta daga gare ta ne. A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda bai wuce ƙwayar wake ba, shi ke tattara haske ya aika bayan ido. Da shekaru suka tura, sai ya fara gurɓacewa. Mai yana zai ce maka kullum kamar cikin hazon hunturu yake, hasken rana na kashe masa ido, fitilar mota da dare na tarwatsewa. Ba ciwo, ba ja. Ciwon suga, shan taba, bugu a ido, da yawan ɗiga wasu magunguna na hanzarta ta. Ba wani maganin ɗigawa, ko na sha, ko tozali, ko zuma, da ke narkar da yana. Aiki ake yi: a kashe zafin idon da allura, mutum na farke, a yi ɗan yanka, a fitar da madubin da ya lalace, a saka na roba wanda zai zauna har ƙarshen rayuwa. Yawanci bai wuce rabin awa ba, washegari a cire bandeji. Ka gaya wa Baba ba a ciro ido waje a wanke a mayar, ba a kuma saka idon dabba. Na sha jin wannan magana daga bakin dattawa, kuma tsoronta kaɗai ya hana mutane da yawa zuwa.

Maganar "a bari ta nuna" tana da asali. A da, irin aikin da ake yi ya fi sauƙi idan yanar ta yi fari fat, shi ya sa likitocin wancan zamani ke cewa a jira. Yau ba haka ba ne. Lokacin aiki shi ne lokacin da yanar ta hana mutum harkarsa, kuma dattijon da ake ja wa sanda ya daɗe da wuce wannan matsayi. Yanar da ta nuna ta wuce misali ma tana iya kumbura ko ta tsiyaye a cikin ido, ta tayar da matsin ido mai tsananin ciwo, ta kashe idon da a da za a iya cetowa.

Amma abin da ya fi damuna da jiran ba wannan ba ne. Abin da ke hana ni barci shi ne: wa ya tabbatar yana ce? Ba wanda zai iya tabbatarwa da kallon ido a tsakar gida, ko da ni ne, sai da na'ura. Akwai wata cuta da ke kama mutane masu shekarun Baba, ita ma ba ciwo, ba ja, ita ma a hankali take tafiya, amma abin da ta ci ba ya dawowa har abada. Ita ce gulokoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido. Sunan na ruɗa mutane, don ba ta da alaƙa kai tsaye da hawan jinin da ake gwadawa a hannu; mutum na iya samun wannan bai da wancan. Ido na samar da wani ruwa a cikinsa kullum, ba hawaye ba, kuma ruwan na da magudanarsa. Idan magudanar ta cushe, ruwan ya taru, ido ya yi tauri, matsin ya riƙa danne jijiyar gani da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa. Ma'aunin matsin ido na lafiya yawanci tsakanin 10 ne da 21. Zaren jijiyar na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda gara ke cin azara daga ciki, daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufta.

Daga gefe take fara ci. Mutum na ganin abin da ke gabansa tsaf, yana iya karatu, amma yana tuntuɓe da turmi a tsakar gida, yana karo da gefen ƙofa, ɗan kabu-kabu na fitowa ta gefensa bai gan shi ba sai ya ji hon. Ido ɗaya na rufa wa ɗaya asiri shekara da shekaru. Kafin ya ce "ba na gani", mafi yawan jijiyar ta riga ta tafi. Binciken da na ambata ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 20 na 'yan shekara 40 zuwa sama a ƙasar nan na da gulokoma, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma 1 cikin 5 na masu ita ya riga ya makance. Mu baƙar fata ta fi kama mu, ta fi zo mana da wuri, ta kuma fi yi mana ɓarna da sauri.

Ba zan manta da wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo ba. Sun zo da murna, sun sayar da rago, sun ce yana ta nuna, a yi aiki. Shekara uku suna jiran ta nuna. Na haska idon, madubin garai yake, ba yana ko kaɗan. Jijiyar ce ta ƙare a ido biyu. Babu abin da ya fi mini nauyi a aikin nan kamar in dubi irin waɗannan 'ya'ya in ce musu ba abin da zan iya. Da sun zo a shekarar farko, da kwalbar magani ko aiki guda, da yardar Allah ya riƙe sauran ganinsa. Wannan ne ya sa na ce maka cikin kwanakin nan, ba bayan kaka ba, ba bayan an sayar da albasa ba. Idan yana ce, jinkirin wata guda wahala ce kawai. Idan gulokoma ce, kowane wata akwai abin da yake tafiya da shi. Kuma sau da yawa biyun na haɗuwa a ido guda.

Idan gwaji ya nuna gulokoma, ku sani tun farko cewa magani ba ya dawo da abin da ya tafi, tsare wanda ya rage yake yi. Rashin fahimtar wannan ne ke sa mutane su ɗiga wata biyu, su ce "ba mu ga canji ba", su watsar. Rashin canjin shi ne nasarar. Ɗigawar ta har abada ce, kamar maganin suga. Ga wanda asibiti ya yi wa nisa, ko kuɗin magani kowane wata zai gagare shi, ni na fi karkata ga a yi masa aikin buɗe wa ruwan sabuwar hanya tun da sauran gani, don na ga yadda kwalba ke ƙarewa a ƙauye a yi wata uku ba a sayo wata ba. Likitan da ya duba shi ne zai yanke abin da ya dace da idonsa. Idan Baba na da asma ko ciwon zuciya, lallai a faɗa, domin akwai maganin ɗigawa mai suna timolol da ke iya tayar da asma ko rage bugun zuciya. A kuma kiyaye kwalbar daga zafi. Zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40 na lalata wasu magungunan, don haka a aje ta wuri mai sanyi, ko kusa da randa, ba a aljihun riga ko kan taga ba.

Sai maganar azumi, don a nan ne da yawa ke yanke magani wata guda cur. Malamai sun yi bayani kan ɗiga magani a ido da rana, ku tambayi naku malamin. Ta ɓangarenmu, mafi yawan magungunan gulokoma sau ɗaya ne da dare ko sau biyu a yini, ana iya ɗigawa lokacin sahur da bayan shan ruwa. Bayan an ɗiga, a rufe ido, a danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa na kamar minti biyu. Wannan na hana maganin gangarawa maƙogwaro, yana kuma sa ya fi zama a idon.

Mai maganin ranar kasuwa fa? Na san abin da yake yi, kuma na san dalilin da ya sa mutane ke yarda da shi. Yana soka wani abu mai tsini a gefen ido, ya ture yanar ta faɗa can cikin ido. Nan take haske ya shiga, tsoho ya ce ya ga hannu, ya ga mutane, jama'a su yi kabbara. Ba ƙarya ba ne, ya ga haske. Amma yanar ba ta fita ba, tana kwance a cikin ido tana tayar da kumburi da matsi. Ba a saka madubi a gurbinta ba, don haka ko idon ya tsira, gani dishi-dishi ne sai da tabarau mai kaurin gaske. Ga ƙwayar cuta da ke shiga ta kayan da ba a dafa ba. Kafin ciwon ya taso, mai maganin ya bar gari. Binciken ƙasa ya nuna sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanya aka taɓa su, kuma kusan kashi 73 cikin 100 na waɗannan idanu makafi ne lokacin da aka gwada su. Ba na zargin iyalan da suka kai nasu. Sun ga abu kusa, mai sauƙin kuɗi, an kuma yarda a biya da hatsi ko akuya. Amma idon da aka soka, gyaransa ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, wani lokaci ma ba ya gyaruwa.

Maganin kemis ɗin nan ma ku dakatar da shi, ku zo da kwalbar. Da yawan waɗanda ake sayarwa don jan ido da ƙaiƙayi na ɗauke da sinadarin siteroyid, irin su dexamethasone. Suna sanyaya ido nan da nan, shi ya sa ake son su, amma ɗiga su na makonni na iya tayar da matsin ido, ya kuma jawo yana. Haka ruwan albasa, ruwan ganye, ruwan suga, balle fitsari ko ruwan batir. Fatar gaban ido ba ta da kaurin jure waɗannan, ƙarshensu hakiya.

Yanzu Inna. Ka ce ba ta kukan ido, kuma wannan ba ya kwantar mini da hankali. Suga na lalata ƙananan hanyoyin jini da ke shimfiɗe a tantanin bayan ido, inda hoto ke sauka. Suna yoyo, suna toshewa, wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe. Duk wannan na iya faruwa shekaru mutum na gani lafiya, sai rana guda jini ya zuba cikin ido, ta ga baƙin abu na yawo ko duhu ya rufe. Duk mai ciwon suga ya kamata a buɗe ƙwayar idonsa da magani a duba bayan ido tun ranar da aka gano ciwon, sannan aƙalla sau ɗaya kowace shekara. Idan an kama da wuri, akwai hasken na'ura da ake kira leza, da allurar cikin ido, da ke tsayar da ɓarnar, amma tushen maganin shi ne suga da hawan jini su sauka su zauna. Tunda mota ɗaya za ku shiga, ku taho da ita. Ka kuma duba fatar idonta: idan tana tsige gashin ido da hantsaki don yana sukarta, wannan ragowar amosanin ido ne na ƙuruciya, wanda ya daɗe yana addabar ƙauyukanmu kuma ya fi kama mata. Gashin da ya juya ciki na goge gaban ido har ya yi fari. Tsigewa ba ta magani, sabon da zai tsiro ya fi tsini. Ɗan ƙaramin aiki ne ake yi a fatar idon a juyar da ita waje.

Akwai wata cutar ta tsufa da ke cin tsakiyar gani, mutum ya ga gefe amma fuskar da ya kalla ta ɓace, layi miƙaƙƙe ya karkace. Ta fi yawa a Turawa, a nan ba ta kai waɗancan ba, amma muna ganinta, kuma taba sigari na ƙara haɗarinta.

A cikin garin Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato duka suna da sashen ido. Abin da ya fi ƙarfin nan ana turawa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan kun ji sanarwar aikin ido kyauta a rediyo, alheri ne, ku je, amma kada ku zauna jiran sa, kuma ku tabbatar an gwada matsin ido an duba jijiya, ba yana kawai aka leƙa ba. Ku yi sammako, ku zo da duk maganin da su biyun ke sha ko ɗigawa. Za a ɗiga musu maganin buɗe ƙwayar ido wanda ke sa gani ya dushe na wasu awanni, kada wannan ya tsorata su. Ka yi wa likita tambaya uku da bakinka: nawa ne matsin idon, yaya jijiyar take, kuma idan an cire yanar wane irin gani za mu sa rai? Idan za a yi aiki, sai an gwada suga da hawan jini, kuma ido ɗaya ake fara yi. Bayan aiki, a kiyaye ƙura da hayaƙin murhu, kada ruwan alwala ya shiga idon, kada a murza, a tambayi likita yaushe zai koma cikakkiyar sujada, a kuma koma ranar da aka ce ko da yana gani tangaran. Idan bayan shekara ɗaya ko biyu ganin ya sake yin hazo, ba yanar ce ta dawo ba, jakar da aka saka madubin ce ta yi duhu, kuma leza na share ta cikin 'yan mintuna.

Akwai abin da ba ya jiran ko da gobe: gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani har da ciwon kai da amai, ko mutum ya riƙa ganin walƙiya sannan wani duhu kamar labule ya sauko ta gefe. Wannan a ranar ake tafiya asibiti.

Daga shekarun Baba, ina jin kai ma ka kai 40 ko ka kusa. Gulokoma na bin jini. Idan aka same ta a wurinsa, kai da duk 'yan'uwanka da ƙannensa kun fi sauran mutane haɗarin kamuwa, kuma ba za ku ji komai ba sai ta yi nisa. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gwajin matsin ido da duba jijiya ba ya ciwo, ba ya ɗaukar lokaci. Ranar da kuka zo, idan Baba ya tashi daga kujerar gwaji, Inna ta tashi, kai ma ka zauna a duba naka.